SANIN FULOGI DA ƘARFIN WUTAR INJIN SANA'A
Darasi Domin Kafintoci, Masu Walda, Teloli da Sauran Masu Aikin Hannu

Gabatarwa

A Mil 3 da ke unguwar Diyobu ta birnin Fatakwal, da bakin gada a Anacha, da Ogbete da Kol Kam a Inugu, akwai 'yan Arewa masu yawa da ke neman abinci ta hanyar sana'ar hannu, kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwansu mutanen wurin. Wasu kafintoci ne, wasu masu walda, wasu teloli, wasu kuma masu injin markaɗe ko masu gyaran taya. A da, ƙarfin damtse shi ne jarin yawancinsu. A yau kuwa da wuya a shiga rumfar sana'a ba a tarar da injin huda, ko giranda, ko zarton lantarki ba.

Da yawa daga cikin waɗannan injuna kwance ne, watau an yi aiki da su a wata ƙasa kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Onne ko ta Legas. Mutanen Gabas suna kiran irin wannan kaya da sunan "Beljiyam", amma sunan bai nuna ainihin inda suka fito ba. A cikin tari guda ana iya samun na Ingila, da na Jamus, da na Amurka, da na Japan. Kowace ƙasa kuwa da irin wutarta. Mutumin da ya yi adashi na wata shida ya sayi inji, sa'an nan ya jona shi a wutar da ba tasa ba, yana iya asarar jarinsa cikin ƙiftawar ido, wani lokaci ma har da rumfarsa ko ransa.

Manufar wannan darasi ita ce mai karatu ya iya duban inji ya san irin wutar da yake sha tun kafin ya biya kuɗi. Ginshiƙin darasin guda ne: fulogi alama ce kawai, hukunci yana ga allon shaidar da ke jikin injin.

Irin Wutar da Ake Sha a Nijeriya

Akwai kalmomi huɗu da ya kamata kowane mai sana'a ya riƙe. Za a fi gane su idan aka kwatanta wutar lantarki da ruwan famfo.

*Bolt* shi ne ƙarfin turin wuta, kamar ƙarfin da ke tura ruwa cikin bututu. Ana rubuta shi da harafin V.

*Amfiya* ita ce yawan wutar da ke gudana cikin waya, kamar yawan ruwan da ke fita daga bakin famfo. Ana rubuta ta da harafin A.

*Wat* shi ne yawan aikin da injin ke ci. Ana rubuta shi da harafin W. Idan aka ninka bolt da amfiya, za a sami kimanin wat.

*Haz* shi ne yawan kai-da-komon da wuta ke yi cikin daƙiƙa ɗaya. Ana rubuta shi da Hz.

Wutar da ke shiga gidaje da rumfuna a Nijeriya bolt 230 ce, haz 50. Wutar manyan injuna, wadda ake kira mai layi uku, bolt 400 ce tsakanin layi da layi. A tsofaffin takardu ana samun 240 da 415, domin ƙasar ta gaji tsarin wutarta ne daga Ingila, tun lokacin da aka fara kunna lantarki a Legas a 1896. Sunan masu raba wuta ya sha canzawa: NEPA ta kafu a 1972, PHCN ta gaje ta a 2005, sa'an nan a 2013 aka damƙa rabon wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, inda PHED ta karɓi shiyyar Fatakwal, EEDC kuma ta karɓi shiyyar Inugu da Anacha. Duk da wannan canji, ma'aunin wutar ɗaya ne daga Fatakwal har Sakkwato. Saboda haka injin da aka rubuta wa 220, ko 230, ko 240, da haz 50, ɗan gida ne, ba shi da matsala.

Ba haka abin yake a ko'ina ba. Amurka da Kanada suna amfani da bolt 120, haz 60. Japan bolt 100 take sha, rabin ƙasar a haz 50, rabi a haz 60. Ƙasashen Turai suna kan 230, Sin da Jamhuriyar Nijar suna kan 220, dukansu a haz 50. Alhazai masu sayo kaya su lura cewa Saudiyya tana kan haz 60, kuma ana samun tsofaffin kayan can masu bolt 127.

Ire-iren Fulogi da Abin da Suke Nunawa

1. *Mai ƙafa uku masu kusurwa.* Wannan shi ne fulogin Ingila da aka fito da shi a 1947, kuma shi ya fi yawa a Nijeriya. Yana ɗaukar amfiya 13, watau kimanin wat 3,000. Yana da fis a cikinsa. Ƙafarsa ta sama, wadda ta fi tsawo, ita ce ta ƙasa, kuma ita ke buɗe 'yan ƙofofin da ke tsare ramukan soket.

2. *Mai ƙafa uku masu zagaye.* Wannan tsohon tsarin Ingila ne, yana nan a tsofaffin gine-gine. Iri biyu aka fi gani: ƙarami mai amfiya 5, da babba mai amfiya 15 wanda ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki da manyan injuna. Ba shi da fis. Kayan Indiya da na Afirka ta Kudu sukan zo da shi.

3. *Mai ƙafa biyu masu zagaye.* Na Turai ne, bolt 230. Siririn ba shi da wayar ƙasa. Mai kaurin kuwa, na Jamus, yana da 'yan ƙarafa biyu a gefensa, na Faransa kuma yana da rami a fuskarsa. Waɗannan su ne hanyarsu ta ƙasa. Idan aka cusa irin wannan fulogi cikin soket na Nijeriya, injin zai tashi, amma hanyar ƙasa ta yanke ke nan.

4. *Mai ƙafa biyu masu faɗi*, wani lokaci da ta uku mai zagaye. Na Amurka da Kanada da Japan ne. Ganinsa ya isa mai saye ya dakata.

5. *Manyan fulogai masu launi* na ma'aikatu da wuraren gini. A nan launi yana magana: rawaya bolt 110, shuɗi bolt 230, ja bolt 400.

Nau'i na biyar yana bukatar ƙarin bayani. A Ingila, injunan da ake aiki da su a wuraren gini bolt 110 suke sha, domin rage haɗari ga leburori, kuma ana jona su ne ta cikin wata taransifoma mai launin rawaya. Saboda haka inji yana iya fitowa daga Ingila, da rubutun Ingilishi a jikinsa, amma bai dace da soket ɗin Nijeriya ba.

Kama da Wane Ba Ta Wane

Dalilai uku suka sa ba a dogara da fulogi shi kaɗai.

Na farko, ƙasashe biyu suna iya amfani da fulogi mai kama ɗaya alhali wutarsu dabam. Fulogin Sin mai ƙafa biyu masu faɗi yana kama da na Amurka ƙwarai, amma na Sin bolt 220 ne, na Amurka 120.

Na biyu, kayan kwance sukan bi hannu da yawa kafin su iso kasuwa. Wani yakan yanke fulogin asali ya ɗaura na gida domin kayan su shiga ido. Canza fulogi kuwa ba ya canza komai a cikin injin. Wayoyin da aka naɗe a cikinsa suna nan yadda maƙerin ya lissafa su.

Na uku, ɗan ƙaramin adafta da ake sayarwa a bakin titi ba ya rage wuta ko kaɗan. Aikinsa kawai ya sa ƙafa ta shiga rami. Bolt 230 da ya shiga ta baya shi ne zai fito ta gaba.

Idan aka ba injin bolt 120 wuta mai bolt 230, turin ya kusa ninkawa biyu, yawan wutar da ke ratsa shi ma ya kusa ninkawa biyu, saboda haka zafin da ke taruwa cikin naɗin wayoyinsa yakan kusa ninki huɗu. Injin zai yi kururuwa, ya yi gudu fiye da kima, tartsatsi ya fito, sai hayaƙi da wari. Idan giranda ce, haɗarin ya fi haka, domin faifan yanka yana da iyakar gudun da aka rubuta masa, in ya wuce ta yana iya tarwatsewa a fuskar mai aiki.

Karanta Allon Shaida

Kowane inji na ƙwarai yana da ɗan allo na ƙarfe ko na roba manne a jikinsa, yawanci a gefen moto ko kusa da mariƙi. Idan maiƙo da ƙura sun rufe shi, a goge da tsumma. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi ɗansa ko maƙwabci ya karanta masa; lambobi ne kaɗan. A nemi abubuwa biyar:

*Lambar da ke tare da V.* Idan 220, 230 ko 240 ce, ta dace. Idan 100, 110, 115, 120 ko 127 ce, injin ba ya shiga soket sai da taransifoma mai rage wuta. Idan 380, 400 ko 415 ce, injin mai layi uku ne.

*Lambar da ke tare da Hz.* An fi son 50, ko 50/60.

*Lambar da ke tare da W ko A.* Da ita ake sanin girman fis, da kaurin waya, da janareton da zai iya ɗaukarsa.

*Alamar layi.* 1~ tana nufin layi ɗaya, 3~ tana nufin layi uku.

*Murabba'i cikin murabba'i.* Wannan alama tana nufin an rufe cikin injin da rufi biyu, ba ya bukatar wayar ƙasa. Injin da ke da jikin ƙarfe kuma ba shi da wannan alama, wajibi ne a haɗa masa wayar ƙasa.

Ga misalai uku. Giranda mai rubutu "230 V, 50 Hz, 2,000 W": idan aka raba 2,000 da 230 za a sami kusan amfiya 9, saboda haka fulogi mai amfiya 13 zai ɗauke ta. Zarto mai rubutu "120 V, 60 Hz, 15 A": na Amurka ne, kuma 120 sau 15 ya ba da wat 1,800. Injin markaɗe mai rubutu "3~, 400 V": ba ya aiki a wutar gida, sai an jawo masa layi uku ta hannun ƙwararre.

Injuna masu batir ma suna da nasu tarko. Lambar da ke jikin injin, kamar 12 V ko 18 V, ta batir ce. Wadda za a duba ita ce ta ƙarƙashin caja. Cajar da aka rubuta wa 100–240 V tana aiki a ko'ina, amma yawancin cajojin da aka yi domin kasuwar Amurka 120 kaɗai suke ɗauka.

Idan allon ya ɓace ko ya goge, kada a yi gwaji da soket. A kai injin wurin mai gyaran lantarki. Sau da yawa akwai lambobi a jikin makunni, ko moto, ko a bisa wayar kanta, waɗanda za su nuna masa asalin injin. Launin wayoyin ciki ma shaida ne, kamar yadda za a gani nan gaba.

Batun Haz da Taransifoma

Taransifoma tana rage bolt, amma ba ta canza haz. Ƙananan injunan hannu masu gawayi a cikin motonsu, kamar injin huda da giranda da zarto, ba su cika damuwa da bambancin 50 da 60 ba. Amma injuna marasa gawayi, irin su kwamfaresa, da famfon ruwa, da injin wasa wuƙa na kan tebur, gudunsu yana bin haz. Wanda aka yi domin haz 60, idan aka sa shi a 50, gudunsa yakan ragu da kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa zafi, kwanansa ya gajarta.

Wajen sayen taransifoma, a zaɓi wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai, domin moto yana jan wuta mai yawa a lokacin tashi. Zarton nan mai wat 1,800 yana bukatar taransifoma ta kimanin 3,000. Ƙaramar mai 500 da ake sa wa rediyo za ta ƙone nan take. Mai saye ya haɗa kuɗin injin da na taransifoma ya auna. Sau da yawa zai ga arahar ta tashi a banza. Araha ba ta ado.

Canza Fulogi Bisa Ƙa'ida

Idan allo ya tabbatar cewa injin na bolt 230 ne, amma fuloginsa baƙo ne, abin da ya fi shi ne a cire shi a ɗaura mai ƙafa uku da fis. A nan sai an san launin wayoyi:

Sabon tsarin Ingila da Turai: ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce ta komawa, kore da rawaya ita ce ta ƙasa.

Tsohon tsarin Ingila: ja ita ce mai wuta, baƙa ta komawa, kore ta ƙasa.

Tsarin Amurka: baƙa ita ce mai wuta, fara ta komawa, kore ta ƙasa.

A lura da kyau: baƙar waya a tsohon tsarin Ingila ta komawa ce, a tsarin Amurka kuwa ita ce mai kisa. Wayar da aka feɗe aka ga baƙa da fara da kore, alama ce mai ƙarfi cewa injin na bolt 120 ne.

Idan aka buɗe murfin fulogi, waya mai wuta tana zuwa dama inda fis yake, ta komawa tana zuwa hagu, ta ƙasa tana zuwa sama. A ɗaure sukurori tam, kada a bar silin jan ƙarfe ko ɗaya a waje, kuma a matse rigar wayar da maɗaurin da ke bakin fulogin. Fis mai amfiya 3, ja, na ƙananan kaya ne da ba su wuce wat 700 ba. Mai amfiya 13, ruwan ƙasa, na manya ne. Ƙananan injuna masu moto sukan so mai amfiya 5.

Akwai al'adu uku da suka zama ruwan dare, waɗanda ya wajaba a bari: cusa tsirarar waya cikin soket a tokare ta da tsinken ashana, tura mabuɗi ko ƙusa a ramin sama domin fulogi mai ƙafa biyu ya shiga, da naɗa waya ko takardar sigari a madadin fis. Fis an yi shi ne domin ya mutu a madadin inji da mai inji. Wanda ya maye gurbinsa da waya mai kauri ya kori mai gadi daga ƙofarsa.

Injin walda babba yakan ja wutar da ta fi ƙarfin fulogi mai amfiya 13. Irin wannan yana bukatar layinsa na kansa, da waya mai kauri, da makatsin wuta nasa.

Damina, Laima da Wayar Ƙasa

Mutumin da ya taso daga Katsina ko Maraɗi ya saba da busasshiyar ƙasa. A Fatakwal kuwa ruwan sama yakan ɗauki mafi yawan shekara, daɓen rumfa yana jiƙe, jiki yana gumi. Jiƙaƙƙen jiki hanya ce mai sauƙi ga wuta. Wutar da za ta ɗan girgiza mutum a kan busasshen katako tana iya kashe shi a kan jiƙaƙƙen siminti. Abin da ke iya tsayar da zuciya bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba, alhali fis mai amfiya 13 ba zai ko motsa ba a kan wannan.

Amfanin wayar ƙasa ke nan. Idan waya mai wuta ta goge ta taɓa jikin injin, wayar ƙasa za ta kwashe wutar, fis ya yanke, mai aiki ya tsira. Bugu da ƙari, akwai makatsi na musamman mai gane yoyon wuta, wanda ke katsewa da zarar yoyon ya kai kashi 30 cikin 1,000 na amfiya. Kowace rumfa ta cancanci samun guda. A sa takalmin roba, a ɗaga wayoyi daga ƙasa, kuma a warware doguwar waya gaba ɗaya daga kan gangarta kafin a ɗora mata babban inji, domin naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi.

Raunin wuta ma yana da illa. Idan ƙwai ya yi ja-ja, moto yana gurnani bai tashi ba, a kashe shi. A auna da mita. In wutar ta sauka ƙasa da 200, a jira. Haka kuma ƙaramin janareto da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki giranda mai wat 2,000 ba.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni ko a zare fulogi; in ba hali, a ture shi da busasshen katako. A gaggauta kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. Gobarar lantarki kuwa ba a zuba mata ruwa sai an katse wutar.

Hukumomin da Abin ya Shafa

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin hana shigo da jabun fulogai, soket da wayoyi. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba aikin haɗa wuta, tana kuma ba masu aikin lantarki takardar shaidar ƙwarewa. Mai rumfa yana da haƙƙin ya nemi ganin wannan takarda kafin ya ba wani aikin jawo wuta. Shugabannin ƙungiyoyin sana'a da sarakunan Hausawa na unguwanni za su taimaka ƙwarai idan suka sa a karanta wannan darasi a taronsu, domin gobarar da ta tashi a rumfa ɗaya ba ta tsayawa a nan.

Abubuwan Tunawa Kafin a Biya Kuɗi

1. A nemi allon shaida, a karanta V, Hz da W.
2. A dubi fulogi, a ga ko na asali ne ko ɗaure.
3. A dubi waya daga farko har ƙarshe, ko akwai yanka ko ɗauri.
4. A nemi mai sayarwa ya gwada injin a gaban mai saye, a lura ko ta cikin taransifoma ya jona shi.
5. Injin da ba shi da allo, a bar shi sai ƙwararre ya gani. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi Domin Bita

1. Nawa ne bolt da haz na wutar gida a Nijeriya?
2. Me launin rawaya ke nufi a babban fulogin wurin gini?
3. Inji mai wat 1,150 a bolt 230, amfiya nawa yake ja?
4. Me ya sa adafta ba ya kare injin Amurka daga ƙonewa?
5. Wane bambanci ke tsakanin baƙar waya a tsohon tsarin Ingila da a tsarin Amurka?